Farautar Talotalon Daji a Misuri: Yadda Mutum Biyu Za Su Shirya Tafiyar Watan Afrilu

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san talotalo a matsayin tsuntsun tsakar gida, mai ƙiba da fankama, wanda yara ke yi wa fito yana amsawa. Wanda ke dazukan Amurka ɗan'uwansa ne na jini, amma hali ya sha bamban. Na daji siriri ne mai dogayen ƙafafu, yana gudun da ya kusa kilomita 40 a awa, yana tashi sama kamar zabo idan ya tsorata, kuma a kan bishiya yake kwana. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina ba tare da ya waiwaya ba. Motsin yatsa ɗaya ya isa ya kore shi.

Shekarun da na yi ina zaune a jihar Misuri, wani abokin aikina haifaffen tsaunukan Ozak ne ya fara kai ni wannan farauta, kuma har yau tare muke fita. Abin da zan shimfiɗa a nan na ɗan'uwa ne da ke zaune a Amurka, ko mai shirin zuwa, wanda aka gayyace shi ko yake sha'awar gwadawa. Da dokokin Misuri zan yi misali domin su na sani, amma kowace jiha da nata.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, domin a kansa komai ya ginu. A watannin Afrilu da Mayu, bayan sanyi ya wuce itatuwa sun fara toho, lokacin barbararsu ne. Namiji yana yin kukansa mai gurgura, wanda zan riƙa kira cara, don ya sanar da mata inda yake, su kuma su taho gare shi. Haka Allah ya tsara musu: mace ce ke zuwa wurin namiji. Kai maharbi kana zaune a gindin bishiya kana kwaikwayon muryar mace, kana roƙon namiji ya saɓa wa al'adarsa ya taso ya same ka. Shi ya sa wannan farauta ta zama ba ta ƙafa ba ce, ta zama ce da haƙuri.

Tun kafin sanyi ya wuce

Fara da zaɓen abokin tafiya, kuma kada ka yi kara a nan. Mutumin da za ka zauna kusa da shi cikin duhu, kowa da bindiga a cinya, dole ya kasance wanda ka ga yadda yake riƙe makami da idonka. Idan ya taɓa juya bakin bindiga wajen mutum yana cewa ai babu harsashi a ciki, ka nemi wani. Idan kai ne sabon shiga, ka faɗa masa gaskiya cewa ba ka sani ba. Na lura maharban can suna jin daɗin koyar da wanda ya ce bai iya ba.

Sai takardu. A Misuri, hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar ce ke sayar da lasisin farautar talotalo na wannan kaka, ta intanet ko a shagunan kayan farauta, kuma kuɗin baƙo ya ninka na mazaunin jiha sau da yawa. Duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Janairun 1967 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyar da maharba ya samu shaida kafin a sayar masa. Babba yana iya yin kwas ɗin ta intanet. Wanda bai samu yi ba akwai izinin ɗan koyo ga mai shekara 16 zuwa sama, bisa sharaɗin ya kasance dab da maharbi babba mai cikakkun takardu duk lokacin da yake farauta.

Ga wata magana da ta shafi 'yan'uwanmu ɗalibai da masu bizar ziyara ko ta aikin wucin gadi. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, sai dai ta keɓe wanda ke da ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Don haka lasisi ne farko, sannan ka taɓa bindiga, ko da ta aro ce, ko da a filin gwaji ne. Ka riƙa yawo da lasisin tare da katin shaidarka. Kuskure a nan yana iya raba mutum da karatunsa da zamansa a ƙasar baki ɗaya.

A al'ada ana buɗe kakar Misuri ranar Litinin ta uku a watan Afrilu, ta yi mako uku. A filayen gwamnati ana harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa ƙarfe 1 na rana. Namiji kawai ake harbi, ko duk tsuntsun da ake ganin gemu a ƙirjinsa. An haramta kare, da watsa hatsi don jan tsuntsu, da na'urar kira mai batir, da amfani da tsuntsu mai rai a matsayin tarko. Wanda zai yi maka kira ma, ko ba zai harba ba, sai yana da nasa lasisin. Kowace shekara hukumar na fitar da ɗan littafin dokoki, kuma adadin tsuntsayen da aka yarda wa mutum da sa'o'in harbi sukan canza. Ku zauna ku biyu ku karanta na bana daga bango zuwa bango.

Waɗannan dokoki ba don takura aka yi su ba. A farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage a duk faɗin Misuri bai kai 2,500 ba, saboda sare daji da farautar da ba ta da iyaka. Daga 1954 zuwa 1979 aka yi ta kama na daji da raga ana kai su wasu yankuna ana saki, aka sake buɗe farauta a 1960. Wani kaso na kuɗin irin wannan aiki daga harajin da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora kan bindigogi da harsasai yake fitowa. Duk lokacin da na tuna haka sai in tuna dazukanmu na gida da zabin daji da barewa suka ƙaurace wa, raina ya sosu.

Neman wuri

Idan abokinka yana da gonar dangi ko izinin wani mai ƙasa, kun huta. Idan babu, Dajin Mark Twain na gwamnatin tarayya yana nan a kudancin jihar, eka wajen miliyan ɗaya da rabi, hedkwatarsa a garin Rolla, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga St. Louis. Sai dai dajin ba dunƙule yake ba, akwai gonakin mutane a tsakankaninsa. Idan ka ga an shafa fenti mai launin shuni-shuni, wato ruwan malmo, a jikin bishiya ko turke, doka ta ɗauke shi daidai da allon "ba a shiga". Ku sauke taswira mai nuna iyakoki a waya tun daga gida, domin a cikin kwari sabis yakan ɗauke.

Mako ɗaya ko biyu kafin buɗewa ku je leƙe, ba bindiga, ba abin kira. Ku isa kan wani tudu kafin gari ya waye ku tsaya shiru kuna saurare. Idan iska ta kwanta ana jin carar namiji daga fiye da kilomita ɗaya. Ku sa alamar duk inda kuka ji a taswira. Da rana ta ɗaga sai ku bi tsoffin hanyoyin masu katako da bakin rafi kuna duban ƙasa, kamar yadda maharbin gida ke bin sawu. Inda suka yi tono za ka ga an ture busassun ganye gefe an bar ƙasa a fili. Kashin namiji dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace kuwa a dunƙule yake kamar dodon koɗi. Idan ka ga sawu da layuka sirara biyu a gefe da gefe cikin ƙura, nan ne namiji ke jan fukafukai yana taƙama, kuma yakan dawo wurin. Wannan alama ta fi kowace daraja.

Kada ku yi kira ranar leƙe. Tsuntsun da ya zo ya tarar da mutum a madadin mace ya yi karatu, ranar farauta ba zai zo ba.

Ku tanadi wuri uku aƙalla. A filin gwamnati, idan kun tarar da mota a bakin hanya, wani ya riga ku, sai ku wuce na gaba. Wannan ladabi ne kuma tsaro ne.

Kaya

Bindigar tsuntsu ake amfani da ita, mai watsa ƙwayoyi, mai faɗin bututu lamba 12 ko 20, da matsattsen baki don ƙwayoyin su tafi a haɗe. A Misuri ƙwayar harsashi ba za ta fi lamba 4 girma ba, kuma bindigar ba za ta ɗauki fiye da harsashi uku ba. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa shi ne gwaji. Ka kafa babbar takarda, ka zana kai da wuyan talotalo a tsakiya, ka zauna a ƙasa kamar yadda za ka zauna a daji, ka harba daga yadi 20, da 30, da 40. Ka ƙirga ramukan. Maharba sukan ce ana son ƙwaya kamar 100 a cikin da'irar inci 10. Nisan da ka ga ƙwayoyin sun fara warwatsewa, nan ne iyakarka, kuma ga yawancin mutane ba ya wuce yadi 40. Ita ma bindigar za ta nuna maka halinta: wata sama take kaiwa, wata gefe. Gara ka gane haka a takarda da ka gane a jikin tsuntsun da zai gudu da rauni.

Sutura mai launin ganye da bawon itace daga sama har ƙasa, da safar hannu, da abin rufe fuska. Kada ka ce ai fatarka baƙa ce ba sai ka rufe ba, gumi yana ƙyalli. Launi uku kuwa haramun ne a jikinka: ja, fari da shuɗi, domin su ne launukan kan namijin talotalo. Farar safa da ta leƙo daga ƙasan wando ko farin hankici da ka zaro don share hanci sun isa su ja hankalin wani maharbi mai gaggawa. Har hular da ke aljihunka ka duba launinta.

Ka sayi matashin zama mai kauri, domin wanda gindinsa ya yi tsami ba ya iya zama shiru. Asuba akwai sanyi mai shiga ƙashi, hantsi kuma zafi, saboda haka ka sa riguna hawa-hawa da za ka iya ragewa. Kaska ta yi yawa a dazukan Ozak, kuma cizon wata iri yana sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama. Ka fesa maganin permethrin a tufafi da takalmi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya ka bari su bushe, kada ka fesa a fata. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, kowace yamma kuma ka duba jikinka sosai. Abokinka ya nuna maka ganyen nan mai yatsu uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, ka san shi kafin ka jingina da bishiyar da ya naɗe. Ka duba gindin bishiya da tocila kafin ka zauna, akwai macizai masu dafi.

Abin kira iri uku ne aka fi sani. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, shi ya fi sauƙi kuma ya fi ƙara. Akwai faifan dutse ko gilashi da ake karta da ɗan sanda, ya fi daɗin murya a kusa. Akwai kuma wanda ake sawa a baki a manne da ganɗa, wanda ke barin hannu biyu a kan bindiga, amma koyonsa na ɗaukar makonni. Sabon shiga ya fara da akwati. Sauti uku sun ishe ka: kiran mace na "yauk, yauk, yauk" sau biyar zuwa bakwai, da "tuk" guda ɗaya a taƙaice, da gunjin nan mai taushi na tsuntsun da ke kiwo hankali kwance. Ka saurari muryar matan talotalo na gaske a intanet kana bin su, ba muryar masu gasar kira ba. Ka kuma ƙara da abin kwaikwayon kukan mujiya da na hankaka.

Yammacin jajibere

Ku kafa tanti da wuri, ku ci abinci, sannan dab da magariba ku koma tudun da kuka ji cara. Talotalo yana hawa bishiya kafin duhu, wani lokaci har za ka ji bugun fukafukansa. Ku yi kukan mujiya sau ɗaya. A wannan kaka namiji yana amsa duk wata ƙara da ta zo masa ba zato, har tsawa da rufe ƙofar mota. Idan ya amsa, kun san ɗakin kwanansa.

A daren nan ne za ku gama magana, domin gobe babu baki. Wa zai harba, wa zai yi kira? Mu dai ƙa'idarmu ita ce bindiga ɗaya ce ke aiki a kowane zama, gobe a yi musaya. Idan ku biyu za ku riƙe, kowa ya san ɓangarensa, na dama da na hagu, kuma babu wanda zai bi tsuntsu da bakin bindiga ya tsallaka ta gaban ɗan'uwansa. Ku yi shawarar alamu: taɓa gwiwa sau ɗaya, na gan shi, sau biyu, mace ce, kada ka harba. Ku kuma yi alkawari cewa babu wanda zai tashi daga inda aka ajiye shi ba tare da ɗayan ya sani ba. Ku bar wa wani a gida sunan wurin da ranar dawowa.

Asuba

A ƙarshen Afrilu rana na fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma kuna so ku zauna aƙalla minti 45 kafin nan. Ni nakan yi alwala a sansani, in yi sallar asuba a gefen mota da zarar alfijir ya keto, sannan mu shiga. Tun ranar farko na faɗa wa abokina haka, ya kuwa sa mintunan a cikin lissafin tafiyarmu, bai taɓa nuna ƙosawa ba.

Ku shiga da bindiga babu harsashi a cikinta, tocila a ƙasa-ƙasa, sannan ku kashe ta idan kun kusa. Ku tsaya yadi 100 zuwa 150 daga bishiyarsa. A farkon kaka ganye bai rufe ba, yana hango nesa daga sama, sai ku ƙara ja baya. Ku nemi zama a daidai tsayinsa ko a samansa, domin ya fi son hawowa a kan gangarowa wajen kira. Ku tabbata babu rafi, ko shingen waya, ko sarƙaƙiya a tsakaninku. Tsuntsun da ke tsallake kogi da fukafukai zai tsaya a bakin ɗan kwazazzabo ya yi awa yana cara ya ƙi haurewa, don a ganinsa mace ce ya kamata ta ƙaraso.

Ka zaɓi bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, ta kuma fi kanka tsawo. Tana ɓoye surarka, tana kuma kare bayanka daga harbin wanda zai ɓullo ta baya. Mai harbi da hannun dama ya juya kafaɗarsa ta hagu wajen da ake sa ran tsuntsu. Ka share busassun ganye daga ƙarƙashinka, ka ɗaga gwiwa ka ɗora bindiga a kai, ka auna da ido wata bishiya ko dutse da ke yadi 40 ta zama iyakarka. Sai a lokacin za ka sa harsashi.

Ka bar dajin ya farka da kansa. Ƙananan tsuntsaye za su fara, mujiya ta yi na ƙarshe, sannan cara ta fasa shirun. Karon farko da na ji ta a kusa, a ƙirji na ji ta kafin kunne. Mai kira ya yi "yauk" uku a hankali ƙwarai, kamar mace mai magagin barci. Idan ya amsa, shi ke nan, ya san inda kuke, a ajiye akwati. Yawan kira yana kan reshe yana sa ya zauna can yana jiran ya ga mace ta iso gindin bishiya.

Da ya sauko sai a ƙara murya kaɗan. Daga nan tsuntsun ne zai gaya maka abin yi. Idan yana katse kiranka da cara kuma muryarsa na ƙara kusantowa, yi shiru, yana tafe. Idan carar na nisa, ya haɗu da mata na gaske, kuma babu kiran da ya fi mace mai rai. Kada ku karaya. Wajen ƙarfe 9 zuwa 10 matan kan sulale su tafi sheƙa, inda kowace ke yin ƙwai goma zuwa goma sha biyu kafin ta kwanta a kansu kwana 28. Namiji sai ya waiga ya ga babu kowa, ya tuna da muryar da ya ji da asuba. Ikon Allah, yana iya dawowa daidai gindin bishiyar da aka yi kiran. Namijin da ya amsa da hantsi ya fi na asuba saurin zuwa.

A nan na yi asarar da har yau take min ciwo. Shekarata ta farko, wani namiji ya yi ta amsa mana har wajen ƙarfe 8, sannan ya yi tsit. Na jira minti ashirin, ƙafata ta mutu, na raɗa wa abokina cewa ya tafi. Ya ce, "Zauna, bai tafi ba." Ban ji ba, na miƙe. Yana nan bai fi taku hamsin ba a bayan wata faɗaɗɗiyar bishiya, yana tahowa shiru. Na ji "fut" mai kaifi sau biyu, na ga baƙin abu ya bi gangare. Tun daga ranar, idan namiji ya yi shiru nakan duba agogo in ƙara minti 45 kafin in motsa. Tsofaffin maza, musamman a filin gwamnati da aka sha yi musu kira, da yawansu ba sa sanarwa idan za su zo.

Amfanin mutum biyu yana fitowa ne idan tsuntsu ya toge a yadi 70 ko 80 yana taƙama ya ƙi ƙarasowa. Idan tun farko mai kira ya zauna yadi 20 zuwa 30 a bayan mai harbi, namijin zai toge ne da nisan mai kira, wanda ke kusanto da shi iyakar bindiga. Mai kira yana iya juya akwatin baya ya rage murya, kamar macen ta gaji tana tafiya, ko ya daina kira ya riƙa karta busassun ganye da hannu kamar tono. Sharaɗi shi ne mai harbi ya san ainihin bishiyar da abokinsa yake, ba zai taɓa juyawa can ba komai ya faru.

Abin da ba a yi

Maharbin ƙasar Hausa yana ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa, ya yi rarrafe har ya shiga tsakiyar namun daji. Dabara ce mai ban sha'awa a dajinmu. A can ma wasu na yin makamanciyarta, su ɓuya bayan buɗaɗɗiyar jelar talotalo suna jan ciki. Ina roƙonka kada ka gwada, wasu jihohi ma sun hana. A dajin da kowa ya ɓad da kama, kowa kuma namijin talotalo yake nema, mayar da kanka talotalo kiran ajali ne. Haka nan kada ka yi sanɗa wajen muryar mace, mai yiwuwa wani maharbi ne a gindin bishiya da yatsa kusa da kunama. Kada ka kwaikwayi carar namiji a filin gwamnati. Idan ka hango wani maharbi yana nufo ka, kada ka ɗaga hannu, kada ka motsa, kada ka yi kiran tsuntsu. Ɗaga murya ka yi magana irin ta mutum har sai ya amsa.

Harbi da abin da ke biyo baya

Idan ya bayyana, numfashi zai yi maka wuya, kowa haka yake ji. Kada ka motsa sai kansa ya shiga bayan bishiya, ko ya juya jelarsa ta rufe masa ido. Ka nemi gemu da idonka, wato tuntun baƙin gashi da ke rataye a ƙirji. Ba a harbin launi, ba a harbin motsi, ba a harbin sauti. Ɗan shekara ɗaya gemunsa gajere ne kuma gashin tsakiyar jelarsa ya ɗara sauran tsawo. Doka ta halatta shi, ku dai ku yanke tun da dare ko za ku ɗauka. Ka duba bayansa: babu mace a layin, babu mutum, babu hanya.

Kada ka harbe shi yana cikin taƙama, kansa a maƙale yake da jiki kuma gashinsa sulke ne. Mai kira ya yi "tuk" ɗaya mai ƙarfi, zai miƙe wuya. Ka kwantar da kunci a jikin bindiga, ka auna tsakiyar wuya inda fata ta haɗu da gashi, ka yi bisimilla, ka ja kunama a hankali.

Ka mayar da makullin bindiga kafin ka tashi, bakinta a ƙasa, kada ka yi gudu. Zai yi ta bugun fukafukai. Ka taka wuyansa ko ka danne fukafukan, ka kiyayi tsinin da ke bayan ƙafarsa, yana tsaga hannu. Idan ka same shi da sauran rai ka yanka da wuƙa mai kaifi kamar yadda aka saba, amma kada ka cire kan, domin doka na son kai da gashi su kasance a jiki har a yi rajista. Nan take ka yi wa lasisinka alamar cewa ka yi amfani da shi, a takarda ko a manhajar hukumar, sannan ka yi rajistar tsuntsun ta waya ko intanet kafin ƙarfe 10 na daren ranar, kuma kafin ka fara gyaran nama. Wajen fitowa daga daji ka naɗe shi da ƙyalle mai ruwan lemo mai haske ko ka sa shi a jaka. Kada ka saɓa shi a kafaɗa kansa na reto.

Babban namiji yakan kai kilo 8 zuwa 11, kuma gashinsa na riƙe zafi, don haka kada ya daɗe a bayan mota. Bayan rajista ka fitar da kayan ciki, ka cire jakar abinci da kitsen da ke gaban ƙirji, wanda ke saurin lalacewa, ka sa naman a kula da ƙanƙara. Fiɗa ta fi figa sauƙi a sansani. Ka bi naman da yatsa ka zaƙulo ƙwayoyin harsashi, don wasu suna fasa haƙori.

Maharba da yawa ƙirji kawai suke ɗauka. Kada ka bi su. Cinyoyin da tauri, gaskiya ne, tsuntsu ne da ya yi rayuwarsa yana hawan tudu, amma wanda ya saba da zabo da kazar gida ya san maganin wannan. Ka ɗora su a wuta kaɗan-kaɗan awa uku zuwa huɗu da citta, da kanumfari, da masoro, da attaruhu, da albasa, har naman ya saki jijiyoyinsa, ka tsince su. Farfesun da na yi da su a sansani shi ya sa abokina ya daina barin cinya a daji. Ƙirjin kuwa ba shi da kitse, saurin bushewa yake yi. Ka jiƙa shi a ruwan gishiri kwana ɗaya a firiji, ka yanyanka falle-falle a karkace, ka shafa mai da yajin ƙuli, ka gasa a garwashi har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, ka sauke nan da nan. Ka raba naman biyu daidai da wanda ya yi maka kira, gemun da jelar kuwa na wanda ya harba ne.